Mai Haƙa da Rijiyar Gangare

Ranar da matar tela ta gama takaba ta ɗauki bokiti ta nufi rijiya, bayan wata huɗu da kwana goma ba ta taka wurin ba. Damina ta yi nisa, bakin rijiyar ya zama caɓi, ita kuwa gwiwarta ta hagu ba ta shiri da santsi. Ta tsaya daga nesa tana duban inda za ta sa ƙafa. Mai Haƙa yana tsugune yana ƙulla igiyar gugansa da ta tsinke. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi taɓon, ya miƙe ya zagaya bayan wata tsohuwar katanga. Sai ga shi da faffaɗan dutse a kafaɗa. Ya dire shi a gefen da mata suke tsayawa, ya hau da ƙafa biyu ya jijjiga, ya cusa masa tsakuwa a ƙarƙashi har ya daina motsi.

"Taka nan, matar tela. Allah ya jiƙan maigidan."

"Amin. Allah ya saka da alheri."

Iyakar maganar ke nan, ya ɗauki gugansa ya wuce. Mutane da yawa sun zo mata ta'aziyya da baki mai daɗi, rabinsu ta manta da su. Wannan kuwa ba ta manta ba, daga ranar ta fara sa ido a kan mutumin.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa kullum a ƙanƙance kamar yanzu ya fito daga duhu. Faratansa sun yi kauri sun tsattsage, ko ya wanke hannu da sabulu sai ka ga jar ƙasa kwance a layukan tafinsa. Abu uku yake haƙawa: rijiya, masai da kabari. Babu gidan da bai taɓa bukatarsa ba, amma babu mai ba shi hannu gaba ɗaya, sai kan yatsu, a janye da sauri a goge a jikin riga. In ya tsaya yana kallon mutum, samari su ce, "Mai Haƙa, awo kake yi masa?" Shi kuma ya ce, "Wannan ai ba shi da wahala, gajere ne irina, kafin la'asar na gama." A yi dariya a watse. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tana aure a nesa. Ɗakinsa ciki ɗaya ne a ƙarshen gari, diga da shebur a bayan ƙofa, igiyoyi rataye a ƙusa, tabarma da buta.

Garin a jingine yake da tudu, kamar mutumin da ya kishingiɗa. Kansa na sama inda titi ya ratsa, ƙafafunsa na ƙasa inda rijiya take. Daga rijiya sai fadama, daga fadama sai wani ƙaton dutse, a bayan dutsen akwai rafi mai gangarowa daga wani tsauni daban, tafiyar rabin awa ga mai lafiyar ƙafa. Lokacin da aka kawo matar tela ɗakin miji, gida arba'in da ɗaya ne a garin, duk a gangare kewaye da rijiyar, tudu kuwa gonaki ne. Ta san adadin domin wanki take yi wa mutane, babu ƙofar da ba ta shiga ba. Da aka zuba wa titi kwalta sai baƙi suka fara sauka, wasu fari ya koro su, wasu ciniki ya jawo su. Suka sayi gonakin tudu suka jera gine-gine, ƙofofi na kallon titi, ƙeya na kallon gangare. Mai gari ma ya tashi ya koma can, ya gina mai rufin kwano. Aka yi musu famfon tuƙa-tuƙa a bakin titi. Kafin a ankara gari ya zama gida ɗari da saba'in da uku, sittin da takwas a tudu, saura a gangare, a cunkushe har wani lungun jaki da kaya ba ya iya shiga.

Wannan shi ne garin da kowa yake gani. Mai Haƙa yana da wani a ƙarƙashinsa, shi kaɗai ya san hanyoyinsa. Wata rana tana jiran layi a rijiya ya ɗauki murfin bokitinta ya kwatanta mata.

"Jar ƙasa tsayin mutum, sai tsakuwa, sai farin yashi, sai dutse shimfiɗe kamar wannan murfin. Amma a karkace yake. Daga ƙofofin gidajen tudu ya karkata wajen titi. Daga bayansu ya karkato nan. Duk ɗigon da ya faɗi a bayan gidajen can, ko kwana nawa zai yi a hanya, nan zai zo."

Ya nuna rijiyar da haɓa. Ta ce ikon Allah, ta karɓi murfinta, ba ta ɗauki zancen wani abu ba.

Wani rani sai ga farar mota da ma'aikatan lafiya daga birni, mata biyu da namiji ɗaya, kowa da takarda a hannu. Kwana uku suna shiga gida-gida suna ƙirga kai. Suka tashi da mutum dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in da shida, masai kuwa talatin da ɗaya. Babbar cikinsu ta bi hanyar fadama da safe, ta dawo da hanci a toshe, kuma ba za a ga laifinta ba. Matar tela da kanta sai ta tattare zani take bin hanyar, tana zaɓen inda za ta taka, ƙudaje na tashi gabanta kamar hayaƙi. Ma'aikatan suka ce duk garin da kowane gida ya yi masai kafin ƙarshen damina, za a kafa masa allo a bakin titi kowa ya gani. Sharaɗi ɗaya suka bari, kada a haƙa ƙasa da taku talatin daga rijiya. Garin da ke gaba da su a kan titi ya riga ya sami nasa allon, mai gari kuwa in ya zo wucewa ta gabansa kau da kai yake yi.

Ranar da aka kira Mai Haƙa kan aikin masai ɗin, matar tela ta kai wanki gidan mai gari, tana tsaye a bakin zaure da ƙulli a kai tana jiran a ba ta hanya. Mai gari na kan kujera, surukinsa mai shago na gefe, liman na ja da carbi.

Mai Haƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, na gangare babu damuwa, a ƙasa da rijiya zan jera su, wajen fadama. Na tudu ne. A bar ni in haƙa su ta gaba, ta wajen titi."

Mai shago ya ce, "Ta gaba? A bakin ƙofa? Baƙo ya yi sallama wari ya amsa masa?"

Aka yi dariya, har liman ya murmusa.

"In aka haƙa ta baya, cikin rijiya za su zube."

Mai gari ya ce, "Taku nawa aka ce?"

"Talatin."

"Daga bayan katangata zuwa rijiya taku nawa ne?"

"Ya fi ɗari biyu."

"To?"

"Ƙarƙashin ƙasa ba da taku yake tafiya ba, ranka ya daɗe."

Mai shago ya tafa hannu. "Waɗanda suka yi karatu har idonsu ya mutu sun ce talatin, kai da ka yi naka karatun a cikin rami ka ce a'a. Kai dai in za ka haƙa ka haƙa, in ba za ka haƙa ba ga samari nan zaune ba aiki."

Matar tela ta ga Mai Haƙa ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya, ya daɗe. Sannan ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta riƙe masa shi a rai tsawon lokaci, kuma shi ma ya riƙe wa kansa.

Sha tara ya haƙa a tudu da hannunsa, samari suka haƙa saura. Na samarin rabi da rabi ne, wasu ko ƙirjin mutum ba su kai ba. Nasa kuwa, da yake hannunsa bai iya aikin ha'inci ba, ya zurfafa su tsaf har farin yashi. Kowa na yabon nasa, ana rububin a samu shi ya haƙa. Kafin ruwan farko ya sauka, kowane gida ya sami ɗan ɗakinsa a baya da labulen buhu.

Farar rigar liman ce ta fara gaya wa matar tela. Ta wanke ta, ta shanya, rana ta busar da ita ƙayau, ta zo ninkewa sai ta ji wani abu can ƙasa da ƙamshin sabulu, irin warin ɗakin da majinyaci ya daɗe a ciki. Ta sake wankewa, ta ƙara sabulu, yana nan. Bayan kwanaki ruwan randarta ya fara kwana da wani yauƙi a sama. In ta ɗebo za ta yi alwala, ta kai baki za ta kurkure, sai ta tofar da shi ba shiri. Ta yi ta istigfari, tana cewa ko shaiɗan ne yake sa mata waswasi a cikin ibada. Ta gaya wa maƙwabciyarta, matar mahauci.

"Ke dai, Iya, hancinki ya cika bincike. Ruwan damina ne, kowace shekara haka yake."

"Shekarata talatin da shida ina shan rijiyar nan, ba haka take ba."

"To tsufa ne."

Sai amai da gudawa suka shiga yara. Cikin kwana arba'in Mai Haƙa ya haƙa ƙananan kaburbura bakwai, duk daga gangare, na biyar ɗiyar mahauci ce, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Matar tela ta shiga gidajen bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta zauna da uwayen, ta wanke tsummokaran da ba wanda yake son taɓawa, kuma da ruwan rijiyar ta wanke su. A tudu, inda ake shan ruwan famfo, ko yaro ɗaya bai kwanta ba. Matar mai shago, tana miƙo mata wanki da kan yatsu, ta ce, "Ai mutanen gangare sai addu'a, Iya. Ba ke ba, ke kam kina da tsafta. Amma sauran, hannu ma ba sa wankewa." Matar tela ta karɓi ƙullin. A ciki akwai kamfan yaran matar, an cusa su yadda aka cire su.

Bayan kabari na bakwai da kwana biyu, da la'asar sakaliya, ta ji sallama a ƙofarta. Mai Haƙa ne, ya rame, gemunsa duk ƙasa.

"Matar tela, kina da bula?"

"Ta wanki?"

"Ita. Duk wadda kike da ita."

"Me za ka yi da bula, kai da ba ka da farar riga?"

Bai yi dariya ba. Ya ce akwai rami ɗaya a bayan sabon ginin mai shago, shi ya haƙa, ba a fara shiga ba tukuna. Zai dama bular a ganga ya juye a ciki. "In ƙarya nake yi, ba za ki ga komai ba, ni kuma in sami sauƙi a ƙirjina. In gaskiya ce, ke kike fara ɗiba da safe."

Ta shiga ɗaki ta kwaso ƙulli shida, duk abin da ta tanada na damina, ta ba shi. Da yammar nan aka yi ruwa mai ƙarfi. Washegari ta ɗebo, ta zuba a farin kwanonta, ta duba, ba komai. Rana ta biyu ba komai. Ta uku ma haka. A kowace sujada tana roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi kuskure, ya sa tsufa ne ya taɓa hancinta kamar yadda aka ce. Safiya ta huɗu, gari ya waye tangaran, ta jawo guga ta zuba a kwanon. Ruwan ya tsaya, sai ga shi da shuɗi-shuɗi, kaɗan, kamar an jiƙa gefen mayafi a ciki an cire.

Ta tsaya da kwanon a hannu. Hanyar da bular ta bi ta zo, ita sauran ramukan tudu sittin da bakwai suke bi tun farkon damina. Abin da mai gari ya sauke, da na mai shago, da na matarsa mai kan yatsu, shi ta kurkure baki da shi sau biyar a yini, ta shaƙa a hanci, ta shafa a fuska, ta tsaya gaban Ubangijinta. Shi ta ɗura wa ɗiyar mahauci da cokali lokacin da yarinyar ba ta iya haɗiya. Ta ajiye kwanon a hankali, ta zagaya bayan katanga, ta yi ta amai har sai da ɗaci ya fito.

Kafin hantsi duk matan gangare sun ga shuɗin. Bayan azahar maza suka taru a inuwar gaban masallaci, mata suka jeru a jikin katanga daga nesa. Mai Haƙa bai jira an tambaye shi ba, ya miƙe ya faɗi abin da ya yi, da inda ya zuba, da kwana nawa ta yi a hanya.

Ya ce, "Sha tara ni na haƙa. Bakwai ɗin can na maƙabarta ma ni na haƙa. Ba na son in haƙa na takwas. A cike na baya, a haƙa ta gaba, zan yi ba dare ba rana. Kafin nan kowa ya tafi rafi."

Mai shago ya zabura. "Jama'a kun ji da kunnenku! Da bakinsa ya ce ya zuba mana abu a rijiya! Kuma a ramina, ba sallama ba izini!"

"Bula ce, Alhaji. Ta wanki."

"Yau bula, jiya me ka zuba? Wa ya sani?"

Wani daga baya ya ce, "Mutumin da kabari ne abincinsa!"

Sai ga mahauci ya keto taron, idanunsa jajur, ya ci kwalar Mai Haƙa ya ɗaga shi har ƙafarsa ta bar ƙasa. Ɗiyarsa ta rasu mako biyu kafin a dama bular, kuma ya sani. Amma mai gari surukin mai shago ne, mai shago kuma shi ke sayen rabin naman da yake yankawa, kwalar da ke kusa da hannunsa ita ya kama. Da ƙyar aka ɓamɓare shi. Mai Haƙa bai ɗaga hannu ba, ya gyara rigarsa kawai.

Mai gari ya yi gyaran murya. Ya ce saura kwana tara ma'aikata su dawo dubawa, ba mai hankalin da zai cike masai sittin da takwas cikin kwana tara saboda zancen mutum ɗaya. Ya juya wajen liman. "Malam, mene ne hukuncin ruwan?"

Liman mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa cutar kowa ba, kuma gidan da yake ciki mai gari ne ya ba shi. Bai ɗago ido daga carbinsa ba ya ce, "Ruwa in launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai canja ba, mai tsarki ne. Yanzu dai launi ya canja. A kwashe har launin ya tafi."

Matar tela ba ta taɓa magana a taron maza ba. Ba ta san lokacin da ta bar jikin katangar ba, sai jin muryarta ta yi.

"Allah ya gafarta Malam, warin fa? Ni na ba da bular. Warin ya riga ta da wata biyu. Rigar da ke jikinka sau bibbiyu nake wanke ta tun farkon damina, ka shinshina hannunta ka ji."

Liman ya dubi hannun rigarsa, ya ɗan ɗaga shi, sai ya mayar kan cinya. Wani saurayi ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi.

Mai gari ya ce, "Iya, Allah ya ba ki haƙuri. Koma cikin mata."

Ta koma. Matar mahauci ta matsa gefe, ta bar tazara tsakaninsu.

Kwana biyu samari suna kwasar rijiyar suna waƙa, suna zubarwa a lungu, har shuɗin ya tafi. Aka sanar a masallaci cewa ruwa ya tsarkaka. Ranar dubawa farar motar ta dawo, aka share gari, aka barbaɗa toka. Ma'aikatan suka ɗaga labulen buhu ɗari da saba'in da uku, suka auna taku talatin da ƙafarsu, suka yi tafi. Da ƙishirwa ta kama su, ruwan roba suka ciro daga mota. Aka kafa allon, kore da fari, mai gari ya tsaya a gindinsa aka ɗauki hoto. Matar tela ta bari sai da aka watse ta je ta tsaya tana haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mata a 'yan shekarun da ta yi a aji. Gari mai tsafta, in ji allon. Yawan jama'a dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in da shida. A ranar ƙananan kaburburan sun kai goma sha ɗaya, ba wanda ya rage su daga lissafin.

Daga ranar shuɗin ba ta ƙara sa guga a rijiyar ba. Rafi take zuwa safe da yamma, a can take wanki, ta dawo da jarka a kai tana hutawa sau uku a hanya. Sallolin da ta yi da wancan ruwan ta rama su duka, tana ƙirgawa da ƙwayar tsakuwa a gwangwani, ko da yake an ce mata ba dole ba ne. Gida tara suka bi ta rafin. Sauran ba ta ga laifinsu sosai ba, macen da ke da yara shida da goyo ba ta da awa biyu na zubarwa a hanya kullum, sai ta ɗebo na kusa ta ce bismillah ta runtse ido. Waɗanda suka tsaya mata a wuya su ne na tudu. Wata rana mai shago ya sauko gangare gaisuwar rashin lafiya, aka kawo masa ruwa a kofi mai kyau, ya ce a bar shi, azumi yake yi. Da ta kai wanki bayan awa ɗaya ta same shi a ƙofar shago yana taunar gyaɗa. Ashe sun yarda da Mai Haƙa sarai. Ta sauke musu ƙullinsu a ranar, ba ta ƙara karɓar wankin tudu ba, duk da can ne mai yawa.

Mai Haƙa ya rantse ba zai ƙara haƙa masai ba, rijiya kuma aka daina kiransa. Sai kabari, wannan ba a sami mai karɓe masa ba. A masallaci in ya tsaya a sahu sai ka ga gurbin mutum guda a damansa, wani a hagunsa, liman na cewa a daidaita sahu, ba mai matsawa. Da rani ya shigo ya ɗauki diga ya tafi gindin ƙaton dutsen nan, inda ya ce shimfiɗar dutsen ƙarƙashin ƙasa ta karye, ruwan wurin daga tsaunin rafi yake zuwa. Ya fara sabuwar rijiya shi kaɗai. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama yana jan bokiti, amma ba wanda ya zo. Sai ya cika bokitin, ya hau igiya, ya jawo, ya zubar, ya sake sauka. Matar tela in ta zo wucewa takan tsaya ta ja masa biyu ko uku, iya ƙarfinta, yana ce mata daga ƙasa, "Ya isa, matar tela, kada ki biyo bokitin, ba ni da wurin baƙi a nan." Ya kai tsayin mutum uku, yashi ya fara danshi a hannunsa, sai tari ya kama shi. Ya yi mako yana sauka da shi, ranar nan ya kasa hawowa, sai da masu kiwo suka jawo shi. Ramin yana nan har yau. Shara ake zubawa a ciki, kwanan baya har da mushen akuya.

Wata ɗaya ya yi a kwance. An aika wa 'yarsa, hanya ta yi mata nisa. Kullum da la'asar matar tela takan kawo masa ruwan rafi a jarka ƙarama da ɗan abin da ta dafa, ta ajiye a bakin ƙofa, ta tsaya daga waje su gaisa ta cikin labule. Ba ya doguwar magana, numfashin ba ya isa. Ana saura kwana biyu ya cika, ta ajiye jarkar za ta juya sai ya kira ta.

"Matar tela."

"Na'am, Mai Haƙa. Ya jikin?"

"Jiki ya gama nasa. Tsaya ki ji." Ya yi tari mai tsawo, ta jira. "Maza ne za su wanke ni, in sun ga dama. Amma ruwan, mata ke kawowa. Na san yadda za a yi, za a ce rana ta yi, a yi sauri, ga rijiya nan kusa."

Ta matso kusa da labulen.

"Na sha abin da na haƙa, ban ce ban sha ba. Amma kada a kai ni gaban Allah da shi a jikina. Ki tsaya a bakin ƙofar nan, duk bokitin da ya zo ki tambaya daga ina. In ba na rafi ba ne ki mayar da shi, ko na gidan mai gari ne. Ko jarka biyu ce ta isa, ni ba ni da yawa. In sun ce kin cika fitina, ki ce ni na sa ki."